Godiya ga ofishin da ya shirya mana tafiyar Jimma

Zuwa ga Hajiya da ma'aikatanta na ofishin shirya tafiye-tafiye da ke kusa da babbar kasuwar Maradi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a?

Godiyar da na yi muku da baki ba ta ishe ni ba, shi ya sa na rubuto wannan takarda a bainar jama'a, don 'yan'uwana 'yan kasuwa su ji irin aikin da kuka yi mana.

Sana'ata sayar da ganyen shayi da sukari da madara da gahawar gwangwani ga masu tebur. Shekara da shekaru ina sayar da garin gahawa, amma ban taɓa ganin itacenta ba. Da ƙanena ya kawo shawarar mu je Habasha, ƙasar da ta fi kowace noman gahawa a Afirka, mu ga yadda ake samunta ɗanya, sai muka shigo wurinku da kuɗi a aljihu, damina na tsaka, muna son tikiti a ranar.

Hajiya, kin ƙi karɓar kuɗin nan, kuma a nan godiyata ta fara. Kika tambaye mu me za mu je gani. Da muka ce gonaki, kika ce mu yi haƙuri: daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama ake shatatawa a tsaunukan kudu maso yammacin ƙasar, hanyoyin ƙauye sun zama jan laka, 'ya'yan gahawar kuma suna nan kore shar a jikin reshe. Tsinka sai daga Oktoba, ta miƙa har wajen Janairu. Kika ce mu dawo bayan an yi girbin gero. Na san kasuwa, na san yadda yake da wuya mutum ya ga ciniki ya shigo har gabansa ya ce masa je ka dawo. Da kin sayar mana, ba mu da bakin magana, tunda mu muka nema.

Da lokaci ya yi, kika baje mana hanya biyu. Ko mu bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina mu hau jirgi a Kano, wanda ya fi kusa, ko mu hau mota zuwa Yamai ta Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso, tafiyar sama da kilomita 600. Kika faɗi amfani da wahalar kowacce, kika bar mana zaɓi. Muka ɗauki Yamai don kada tsaiko a kan iyaka ya sa jirgi ya tashi ya bar mu. Yaronki da ke kan kwamfuta ya cika mana takardar biza ta intanet, ya duba fasfo ya ga sauran wa'adinsa ya wuce wata shida, ya kuma tura mu allurar rigakafin shawara da wuri, don katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar.

Abin da ya fi yi mini amfani wata 'yar takarda ce da yaron nan ya rubuta da biro, ya maƙala cikin fasfona. A sama ya rubuta cewa agogon Habasha yana gaban namu da awa biyu. A ƙasa kuma ya ja layi ya yi bayanin cewa mutanen ƙasar suna fara ƙirga awa ne daga wayewar gari, wato ƙarfe bakwai na safe su ƙarfe ɗaya suke ce masa. Shekararsu ma wata 13 ce, tana kamawa a Satumba. Wallahi da direban da ya kai mu Agaro, wani gari kusa da Jimma, ya ce zai zo ƙarfe biyu, ƙanena har ya fara shirin barcin safe. Na zaro takardar, muka lissafa, ashe takwas na safe mutumin yake nufi.

Kun kuma matsa mana mu sayi rigunan sanyi. Ƙanena ya yi dariya, ya ce ina bamaraɗe ina rigar sanyi hunturu bai shigo ba. Addis Ababa tana bisa tudu ne, sama da mita 2,300, kuma tun a bakin filin jirgi ya daina dariyar. Sefa kuwa kun ce kada mu dogara da ita can, mu riƙe dala ko yuro mu canja zuwa bir, kuɗin ƙasar, a banki. Daga Addis zuwa Jimma kimanin kilomita 350 ne na hawa da gangara, sai kuka haɗa mana da jirgin cikin gida.

Zaɓen Jimma ma shawararku ce, kuma ta yi daidai da mu. Gari ne na ƙabilar Oromo, Musulmi suna da yawa, masallaci da abincin halal ba sai an yi cigiya ba. Mun hau tudun Jiren mun ga gidan sarautar Abba Jifar, sarkin da ya rasu a 1932, gini na katako mai bene. A gonaki kuwa abin ya ba ni mamaki: gahawa ba ta son rana tsaye, a inuwar manyan itatuwa take, kuma da hannu ake tsinkar jajayen a bar ɗanyun sai wani zagayen. Ana shanya su a kan gadajen da aka ɗaga daga ƙasa, ana juyawa har ɓawon ya yi baƙi. A gidan wani manomi, uwargida ta soya ƙwayar a gabanmu, ta zagaya da hayaƙin kowa ya shaƙa, ta daka a turmi, ta dafa cikin wata tukunyar ƙasa mai dogon wuya. Ga turaren wuta, ga gugguru. Zubi uku ake yi, kamar shayin Buzaye, kuma ba a son baƙo ya tashi kafin na ukun.

Akwai gaskiyar da kika faɗa mini tun a ofis wadda ba ta yi mini daɗi ba a lokacin: cewa kada in yi tunanin zan ciko buhuna in taho da su, don fitar da gahawa daga ƙasar don kasuwanci sai mai lasisi. Haka na tarar. Saboda an faɗa mini tun da wuri, ban kwashi jarina na tafi da shi a banza ba, na je ne in gani in kuma san mutane.

Ƙorafina ɗaya, ku ƙara benci a ofis, don lokacin masu Umara tsayuwa ake yi har waje.

Yanzu ina magana da wani mai lasisi da muka haɗu da shi a Jimma. In abin ya yiwu, zan sake shigowa ku duba mana maganar jigilar kaya. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci zuri'a, ya saka wa yaran ofis da alheri.

Naku,
wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan shayi,
Maradi.