Zuwa ga Habibu a Riyad

Habibu,

Bayan gaisuwa. Ummanka na gaishe ka, ƙafar da sauƙi.

Kawunka Sale ya faɗa mini abin da ka ɓoye: daren Laraba ka goge gefen mota a titin Sarki Fahad kana sauri da abincin wani. Kada ka ga laifinsa, ni na matsa masa.

Da ka zo sallah na karɓi wayarka na duba manhajar kai abincin nan, kana dariya wai tsoho bai iya ba. To, na iya kallo. Wurin karɓar oda ƙato, kore shar, daidai inda babban yatsa ke sauka. Wurin ƙi kuwa sai da na sa tabarau. Ga agogo yana ƙirga maka daƙiƙu, ga saƙo wai saura uku ka samu ƙari. Ka cika ukun, wasu ukun su ɓullo.

Na san irin wannan dabara. Shekara nawa ina tura alhazai a keken guragu a Mina? Bayan turmutsutsun 2006 da ya ci rai sama da 340, aka rushe tsohuwar gadar Jamarat, aka gina mai hawa-hawa, mashiga daban, mafita daban. Yau alhaji ko ya so juyawa babu hali, shinge ne ke tafiya da shi, shi kuwa gani yake ƙafarsa ce ta zaɓa. Wancan don tsare rai aka yi shi. Naka shingen fa, ran wa yake tsarewa?

Tarar Saher, kyamarorin nan na kan titi, ba ta dame ni ba, kuɗi ne. Kiran ƙarfe biyun dare nake tsoro, daga baƙuwar lamba. Na taɓa amsa irinsa sau ɗaya, kai ma kana falon. Har yau in waya ta yi ƙara bayan isha, Ummanka sai ta dafe ƙirji ta zuba mini ido.

Kai da sai na yayyafa maka ruwa kake tashi asuba, yau waya ta yi ƙit ka zabura kamar bawa gaban ubangidansa! Kada ka ce ai ni na ce ka fita neman na kanka. Na faɗa, kuma ban yi nadama ba, zaman unguwar Shari' Mansur a Makka ba abin da ya ƙara maka. Amma ban ce ka miƙa wa agogo linzaminka ba.

In sha biyu ta buga ka kashe ta, ko da oda ɗaya ta rage.

Sale zai taho maka da kilishi da yajin Ummanka. Ka kira ta ranar Juma'a. Da rana.

Babanka