Auta Ta Ci Ƙuri'ar Makaranta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi.

Albishirinka, auta ta ci ƙuri'a! Ba ta kuɗi ba, ta makaranta. A nan Niyok akwai makarantun da ake kira cata: gwamnati ke biya, ƙungiyoyi masu zaman kansu ke tafiyar da su, iyaye ba sa ba da ko sisi. Tun 1998 jihar ta yi dokarsu. Masu nema sun fi kujeru yawa, shi ya sa ake kaɗa ƙuri'a a watan Afrilu. Yayanta bai dace ba, yana nan a ta gwamnati.

Kuma fa gini ɗaya ne, a nan Bronx. Ita tana hawa na uku da yunifom tsaf, shi yana ƙasa. Ɗakin cin abinci ma karɓa-karɓa ake yi, har ajinsu kan ci abincin rana tun da hantsi.

Kai hedimasta ne, ka fi ni sanin lissafin. Kuɗi yaro yake bi, sama da dala 18,000 a shekara kan kowane ɗalibin cata. To amma don yara uku sun bar aji a ta gwamnati sun koma cata, albashin malama ba ya raguwa, haka kuɗin ɗumama gini da hunturu. Sai a tsakuro daga wani wurin. Bana malamin zanen su yayanta sau biyu kawai yake leƙowa a mako.

Karatu kam, ba zan ɓoye ba, yarinyar ta buɗe. Binciken Jami'ar Stanford na 2023 ma ya ce 'yan cata sun ɗan ɗara, kamar ƙarin kwana 16 na karatu da 6 na lissafi a shekara. Su ma na ƙasan gasar ta tashe su: shugabar makarantar da kanta ta zo ƙofar masallacinmu ranar Juma'a tana raba takardu, har darasin yamma sun fara.

Afrilu mai zuwa zan sake saka sunan yaron. Har yanzu ban faɗa wa malamarsa ba, kunya nake ji. Ita ce ta zauna da shi lokacin ko gaisuwa bai iya da Turanci ba.

A gaida Inna, a ce saƙonta na tafe ƙarshen wata.

Ƙanwarka