Jika 302 na biya ku, ashe cutar tana cikin fish ɗin waya

Zuwa ga shugaban kamfanin gyaran motoci da sayar da kayan gyara da ke Yamai, wanda ya san kansa.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Da yaronka na wurin karɓar baƙi bai kashe mini waya a kunne ba ranar 11 ga Maris, da wannan takarda ba ta fito fili ba. Bayan ranar na sake kira, ban san ko sau nawa ba, wayar tana shiga ba a ɗauka. Tunda kunnenku ya toshe, bari in rubuta inda jama'a za su karanta.

Ni mutumin Tawa ne, ina zuwa Yamai sarin kaya kusan duk wata. Tun tsakiyar hunturu motata ta fara wani hali. Ina cikin tafiya sai fitilar injin ta kama a tablo, motar ta yi sanyi, in taka totur har ƙasa ba ta amsawa, da ƙyar take kai 40. In na tsaya na kashe ta na sake tayarwa sai ta warke sarai, kamar ba ita ba. Wani lokaci ta yi kwana uku lafiya, wani lokaci sau biyu a yini, musamman in ta faɗa rami ko ta hau hanya mai gargada. Wannan maganar ta gargada na faɗa wa makanikenku da bakina tun zuwan farko, ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Ranar 14 ga Janairu na kawo muku ita. Na zaɓe ku ne saboda an ce kuna da kwamfutar bincike, wadda yaranku ke kira waliz. Aka jona ta, aka karɓi jika 15. Na tambayi abin da ta nuna, aka ce "mun goge, ba komai ba ne". Aka canza buji da matatar iska da ta mai, da kuɗin aiki jika 62. Ban yi gardama ba, ƙurar bana ta isa ta toshe komai.

Washegari na kama hanyar gida. Na wuce Doso lafiya. Kafin Dogon Dutsi na fito zan wuce wata gingimari, na kai tsakiyarta, sai fitilar ta kama, ƙarfi ya ɗauke. Ga bas tana tahowa tana ba ni wuta. Ƙanena da ke gefe salati kawai yake yi. Allah ne ya sa direban gingimarin ya lura ya ba motarsa wuta, na samu na koma bayansa. Daga nan har Ƙonni lallaɓa ta na yi, in tsaya in kashe in tayar, muka kwana a can don ba na son dare ya same ni a hanyar Badagishiri da mota mai wannan hali.

A cikin Fabrairu na dawo. Aka sake karɓar jika 15 na waliz a kan cutar da kuka ce kun gyara. Wannan karon shugaban garajinku ya ce papiyon, wato abin da ke buɗe wa injin bakin iska, shi ne ya mutu gaba ɗaya, ba ya gyaruwa, sai sabo. Jika 185, aiki jika 25. Na ce a ba ni tsohon, aka ce yana wurin magasinye, mai ajiyar kayanku, shi kuma ya fita sallah. Na jira har la'asar. Har yau magasinyen bai dawo daga masallaci ba.

Kwana tara sabon papiyon ya yi, cutar ta dawo yadda take, ba ragi.

To ga abin da ya faru ranar 11 ga Maris, ƙarfe 10 da minti 20 na safe, yana nan a wayata. Na gaishe da yaron, na faɗi lambar resina, na ce motar ta koma gidan jiya. Ya ce: "Baba, gyara muka yi maka, ba sabuwar mota muka sayar maka ba." Na ce ai resin ya ce akwai garanti na wata uku. Ya ce: "Garanti ba ya aiki a kan man 'yan ruwa-ruwa. Ku mutanen can duk shi kuke sha." Na ce ɗana, ban taɓa zuba man kwalba a motar nan ba, a gidan mai nake sha. Ya yi dariya, na ji yana ce wa wani da Faransanci tsohon nan ne kuma, sannan ya kashe. Na haifi wanda ya girme shi.

Haushin wannan ne ya kai ni wurin wani mai gyaran wutar mota a nan Tawa, rumfar kwano ce kawai da benci. Ya jona 'yar na'urarsa, ya juyo da ita ya nuna mini: P2135. Ya rubuta mini a takarda, abin da ku ba ku yi ba sau biyu. Ya ce a irin waɗannan motoci babu igiya tsakanin totur da injin kamar na dā. Ƙafa tana aika saƙo ne ga kwamfutar motar, ita kuma ta sa wani ɗan moto ya buɗe bakin iska. A jikin papiyon akwai ma'auni biyu masu gaya wa kwamfuta iya buɗewar da aka yi, kuma dole maganarsu ta zo ɗaya. In suka saɓa, kwamfutar ba ta san wanda za ta gaskata ba, sai ta janye ƙarfi da gangan don kada mota ta ƙwace wa direba. Lambar nan saɓanin ma'aunan biyu take faɗa. Ba ta ce papiyon ya mutu ba, domin waya da ta sassauta ko tsatsa a fish, wato mahaɗin da ake soka wayoyin wuta a jikin papiyon, ma suna kawo ta.

Ya auna wutar da ke shiga, volt 5 cif. Sai ya bar injin yana aiki, ya kama damin wayoyin da ke shiga papiyon ya girgiza da yatsa biyu. A gabana awon da na'urar ke nunawa ya yi tsalle, injin ya yi tari, fitila ta kama. Ya zare fish ɗin ya haska da tocilan waya: ƙafa ɗaya ta yi kore da tsatsa, bakinta ya buɗe ba ya kama ƙarfe sosai. Shi ya sa rami ke tayar da cutar. Ya wanke, ya matse bakin, ya ɗaure wayoyin. Jika 4 ya karɓa, har yana cewa in na ga ya yi yawa in rage. Tun daga ranar na je Yamai na dawo sau biyu, na je Keita a kan hanyar da kowa ya sani, fitilar ba ta sake kamawa ba.

Ranka ya daɗe, wannan fish ɗin dai yaranku suka zare da hannunsu suka mayar lokacin da suke sa sabon papiyon. Ko dai ba su duba ba, ko sun gani sun yi shiru saboda wanke fish ba ya kawo jika 185. An bar jaki ana dukan taiki, kuma ni na biya kuɗin sandar.

Ina neman jika 225 na zuwa na biyu, ku cire naku papiyon ku mayar mini da nawa, domin yanzu na tabbata lafiyarsa ƙalau. Na 77 ɗin farko na bar muku. In kuma kun ce nawa ya ɓata, ku gaya mini a motar wa kuka sa shi da nawa kuka karɓa, don na fara zargin tsofaffin kayanmu ba shara suke zuwa ba. Ranar da nake jiran magasinye mu huɗu ne a kan benci, uku an ce mana a canza abu sabo, babu wanda aka nuna wa lambar da waliz ta fitar, babu wanda ya tafi da tsohon kayansa. Kwamfutar nan ta zama abin tsorata wanda bai yi boko ba, a goge shaida a gabansa sannan a rubuta masa faktir.

Resi biyu suna hannuna da tambarinku, da takardar da aka rubuta mini lambar. Ranar 5 ga wata mai kamawa zan shigo Yamai, zan zo ofishinka da su. Kai nake son gani, kada a haɗa ni da yaron nan.

Abokin cinikinku daga Tawa.