Kafin a yabi gwamnati ko a kushe ta, mutum nawa muka binne?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da har yau ba ta mutu ba a majalisun Kano, wato ko hukuma ta yi abin a zo a gani lokacin annobar korona, ko kuwa ta yi sakaci. Masu yabo suna kafa hujja da cewa waɗanda NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ta tabbatar cutar ta kashe a faɗin Najeriya dubu uku ne da 'yan kai, alhali a Amurka sun haura miliyan ɗaya. Masu suka kuma suna tuna mana watan Afrilun 2020, lokacin da mutum zai halarci jana'iza uku ko huɗu a yini guda. A ganina, ɓangarorin biyu suna awo ne da mudun da gindinsa ke huje, domin ba wanda ya ƙirga mamatanmu yadda ya kamata.

Adadin da NCDC ke fitarwa kullum lissafi ne na mutumin da aka ɗauki samfurinsa, aka gwada, aka same shi da cutar, sannan ya rasu. Dattijon da ya kwana huɗu yana fama da zazzaɓi da sarƙewar numfashi a ɗakinsa, ya cika da asuba, aka yi masa sutura aka kai shi makwanci kafin azahar kamar yadda addini ya koyar, ba ya cikin wannan lissafi. Haka muka binne ƙanin mahaifina a wancan watan, ba gwaji, ba takardar likita, kuma ban san wani littafin hukuma da aka rubuta rasuwarsa a ciki ba. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, kuma kafin watan ya ƙare ɗakin gwaji ɗaya tilo da ke jihar ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, daidai lokacin da mace-macen suka yi tsanani. Inda babu gwaji, dole adadi ya yi ƙasa, kuma ƙarancinsa ba shaida ba ce ta cewa an shawo kan cuta.

Kwatanta mu da Turai ma yana da nasa tarkon. Cutar ta fi ɗaukar tsofaffi, kuma fiye da rabin 'yan Najeriya ba su cika shekara 20 ba, yayin da kusan rabin mutanen Italiya sun haura 45. Ko da shugabannin ƙasashen biyu sun ɗauki mataki iri ɗaya, gawarwakin Italiya za su fi yawa. Saboda haka wani kaso na abin da ake jingina wa ƙwazon hukuma, ƙuruciyar al'ummarmu ce ta jawo shi, bayan ikon Allah.

Ma'aunin da masana suka fi amincewa da shi ba ya buƙatar gwajin kowa. Ana duba mutum nawa ke mutuwa a gari a wata kaza a shekarun da ba annoba, sai a duba nawa suka mutu a watan annobar, abin da ya ɗaru a kai shi ne ɓarnar da ta yi. Da wannan hanya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 14.9 a shekarun 2020 da 2021, alhali abin da ƙasashe suka kai rahoto bai wuce miliyan 5.4 ba. A nan Kano, sai a watan Yunin 2020 Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an samu mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye, cewa a ƙololuwar lamarin ana binne mutum 43 a rana maimakon kusan 11 da aka saba, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce ta kashe su ko ta tayar musu da wani ciwon. Wannan yana nufin mutum kusan ɗari biyar ko fiye, a lokacin da adadin hukuma na waɗanda korona ta kashe a jihar gaba ɗaya bai kai ɗari ba. Abin lura shi ne yadda aka samo wannan adadi: sai da jami'ai suka bi iyalan mamata suna tambayar alamomin da suka gani, bayan masu haƙar kabari sun riga kowa yin kururuwa.

Da farko gwamnatin jiha, ƙarƙashin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, ta danganta mace-macen da hawan jini, ciwon sukari, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Adalci ya sa in ce waɗannan cututtuka suna kisa a Kano, musamman a tsananin zafin bazara. Sai dai ko da maganar ta tabbata ga wasu mamatan, ba ta wanke kowa ba. Mai ciwon sukarin da ya rasu saboda asibitin kuɗin da ya saba zuwa ya kulle ƙofa don tsoro, ko don an hana zirga-zirga bai samu abin hawa ba, shi ma annobar ce ta ci shi ta bayan gida. Dokar kulle da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar wa Kano ranar 27 ga Afrilu ta zo cikin azumi, ta tarar da 'yan dako, 'yan adaidaita sahu da yaran shaguna na Kantin Kwari da Sabon Gari waɗanda sai sun fita suke samun na buɗe baki. Ko kullen ya ceci rayuka fiye da waɗanda ya jefa cikin yunwa da rashin magani, tambaya ce da jimillar mace-mace ta mako-mako kaɗai za ta iya amsawa, domin ita ce ke tattara wanda cuta ta kashe da wanda matakin yaƙi da cutar ya kashe. Ba mu da ita. Wannan rashi shi ne laifin da nake iya ɗora wa gwamnatocinmu ba tare da shakka ba, na tarayya da na jiha, na wancan lokaci da na gabaninsu.

Doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa tun 1992, kuma aikin yana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Amma a zahiri ba mai neman takardar mutuwa sai wanda zai karɓi haƙƙin fansho ko kuɗin mamaci a banki. Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Kusan duk wanda ya rasu a birnin nan ta ƙofar maƙabarta zai shiga, ko Dandolo ko Tarauni ko wata. A ajiye ma'aikaci mai albashi da littafi a kowace ƙofa, ya rubuta sunan mamaci, shekarunsa, unguwarsa, namiji ne ko mace, da ciwon da iyalansa suka ce ya yi. Wannan ba zai jinkirta jana'iza ba, kuma ba ya buƙatar taɓa gawa. Masu unguwanni da limamai, waɗanda ba a yin rasuwa ba su sani ba, su cike giɓin, a tura jimilla ga ƙaramar hukuma duk mako, ma'aikatar lafiya kuma ta riƙa buga ta a fili duk wata. Da irin wannan littafi yana aiki, da an hango tashin mace-macen yara tun da wuri lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023.

Ina kuma roƙon jaridarku ta tura wakili ya zagaya manyan maƙabartun birni, ya tambayi masu kula da su ko suna rubuta waɗanda ake kawowa, tun yaushe suka fara, kuma wane ofishi ne ke zuwa karɓar abin da suka rubuta.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Gwale, Kano