Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Ma'aikatan Jinyar Masu Taɓin Hankali, Damagaram

Assalamu alaikum, iyayenmu a aiki, yayye da ƙanne.

Ga rahoton bana kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada. Na haɗa shi da bayanin asusu, domin tun da aka yi wa ma'ajinmu canjin wurin aiki zuwa Tanut, littafin kuɗi yana hannuna tare da na magatakarda.

An yi taron wata-wata, ban da na watan azumi da na Agusta da ruwa ya hana. An je ta'aziyya da suna a gidajen membobi kamar yadda aka saba.

Maganar kuɗi zan sa a gaba, don duk sauran bayanin a kanta ya rataya. Gudummawar memba jika ɗaya ce a wata, sefa 1,000, kuma mu da bakinmu muka yanka ta. Waɗanda suka biya shekara cif ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na san halin da ake ciki, na san farashin tiyar hatsi, shi ya sa tun bara aka rage wa ƴan kwantiragi da ƴan sa-kai rabi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, su ɗin ne suka fi biya a kan lokaci. Masu bashi mafi nauyi yawancinsu ma'aikata ne masu albashi tsayayye. Ana tura tuni a WhatsApp, a karanta, a yi shiru. In an haɗu a bakin asibiti sai a ce ƙarshen wata. Ni ma ina da aikin dare da iyali, kuma bin bashi gida-gida ba ya cikin abin da kuka zaɓe ni in yi.

Duk da haka Allah ya ba mu abin alfahari guda, wato horon kwana biyu na 10 da 11 ga Oktoba, da muka haɗa da ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, wadda ake yi tun 1992. Abokan aiki sun zo daga CSI-CSI, wato ƙananan cibiyoyin lafiya, na Mirya, Matamai da Magarya, wasu da kuɗin motarsu. Ɗalibai ƴan koyon aikin jinya suka cika bayan zauren har aka aro benci.

Ranar farko likitan da muka gayyata ya sa aka kawo ƙwaƙwalwar rago daga mahauta, ya tsaga ta a faranti, kowa ya matso ya gani. Daga nan ya shiga ta mutum: nauyinta bai cika kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin jiki, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Yawancinsu akwai ɗan tsakani a inda suke haɗuwa, sinadari ne ke tsallaka da saƙo. Ya daɗe a kan dofamin, ɗaya daga cikin sinadaran nan. Idan aikinsa ya yi yawa a wata hanya ta ƙwaƙwalwa, mutum kan ji muryoyi ko ya riƙa zargin ana bin sa da sharri. Haldol da Largactil da muke bayarwa kullum suna toshe wurin da dofamin ke sauka, sai muryoyin su lafa. To amma dofamin ɗin nan shi ne kuma ke daidaita motsin jiki ta wata hanyar, magani kuwa duka biyun yake tarewa. Daga nan ne sandarewa ke zuwa, da rawar hannu, da dalalar miyau, da murɗewar wuya, da juyewar idanu sama.

Nan ne zauren ya ɗau zafi, domin kowa a cikinmu ya taɓa ganin abin da ke biyo baya. Uwa ta ga wuyan ɗanta ya karkace kwana biyu da fara magani, sai ta ce iskokin ne suka fusata, ko maganin asibiti ya ƙara masa ciwo. Kafin gari ya waye an ɗauke shi. Wani lokaci sai bayan watanni a dawo da shi, da shatin mari a ƙafa. Alhali da an zaunar da ita ranar farko an ce, "Inna, maganin nan kan sa wuya ya ƙage, in kin gani ki kawo shi nan take, akwai maganinsa," da ta dawo. Maganin Artane na warware abin, sai dai an ja kunnenmu a kan yadda muke fitar da shi, tun da akwai matasa masu nemansa don buguwa. An kuma tuna mana cewa tramol da ya addabi samarinmu yana jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya, don haka a riƙa tambaya cikin sirri, ba a gaban uba ba.

Likita ya rufe da gargaɗin da nake so kowane CSI ya liƙa a bango. Duk wanda aka kawo yana sambatu, a fara auna zafin jikinsa, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a duba suga, a taɓa wuya saboda sanƙarau, musamman da rani. Kada a yi gaggawar cewa taɓin hankali ne.

Rana ta biyu ta Hajiya ce, uwarmu a aiki, wadda ta yi ritaya amma ba ta taɓa fashin taro ba. Ta fara da tuna mana cewa a 1952 ne likitoci biyu, Delay da Deniker, suka nuna amfanin Largactil ga masu taɓin hankali a birnin Paris, kuma a shekarar ne wata ma'aikaciyar jinya a Amurka, Hildegard Peplau, ta fitar da littafinta mai cewa mu'amalar ma'aikacin jinya da marar lafiya ita ma magani ce, tana da mafari, da lokacin aiki tare, da rabuwa. Sannan ta ɗora a kan darasin jiya. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙullutu, amigdala, mai aiki kamar maigadin gida: da ya ji haɗari sai ya ta da kowa. Mutumin da aka kawo a ɗaure, ƙarti huɗu sun danne shi, ana ta ihu a kansa, nasa ya riga ya tashi. Adirenalin da kortizol, sinadaran da jiki ke saki lokacin firgita, sun cika jini, zuciya na bugawa, ɓangaren ƙwaƙwalwa na wajen goshi mai auna magana ya yi rauni. A wannan hali tsawa ba ta shiga, sai dai ta ƙara masa tsoro.

Sai aka shiga gwaji, wani ya zama marar lafiya, wani ma'aikaci. Mutum ɗaya ne zai yi magana. A yi sallama, a kira shi da sunan da yake so, in dattijo ne a ce Baba ko Malam. A sassauta murya, a zauna daidai da shi, kada a tare masa ƙofa. A miƙa ruwa. A nemi izini kafin a taɓa shi. Kada a ce masa allurar ƙarin jini ce alhali ta kwantar da hankali ce, domin ranar da ya gano, ya daina yarda da duk mai farar riga. In ya ce yana jin muryoyi, ba gardama ba gaskatawa, sai a ce, "Ni ban ji ba, amma na ga suna wahalar da kai." Wani ɗalibi ya tambayi batun ruƙiyya, Hajiya ta ce kada a yi faɗa da malamai, a roƙi iyali su haɗa addu'a da magani, kada a tsayar da shi. Ta kuma ce duk wanda za a canja wa wurin aiki ya sanar da marasa lafiyarsa tun da wuri, ya haɗa su hannu da hannu da wanda zai gaje shi, don wasunsu ba su da wanda suka amince wa a duniya sai shi. An tashi bayan la'asar, mutane suna ta roƙon a maimaita baɗi. Abincin rana da ruwa gudummawar membobi biyar ce, Allah ya saka musu da alheri.

Yanzu ga abin da bai yiwu ba, kuma ina so a ji dalili kafin a yi ƙorafi. Ziyarar gida-gida ga waɗanda suka daina zuwa allurar wata, da muka fara a unguwannin Birni da Zengo da Kara-Kara, ta tsaya tun kafin damina. Masu zuwa suna nan, niyyarsu na nan. Kuɗin man babur ne ya ƙare, kuma ba zan ci gaba da roƙon ƴan sa-kai su zuba daga aljihunsu ba. Wani ya ce a taro wai ziyarar ba dole ba ce, tun da asibiti a buɗe yake. Ban yarda ba. Maganin ciwon damuwa irin su amitiriptilin sai ya yi mako biyu zuwa huɗu kafin a ji sauƙi, kuma a wannan tsakanin ne mutane ke yanke ƙauna su ajiye shi. Mai farfaɗiya da ya bar Gardénal farat ɗaya yana iya shiga faɗuwa a jere mai kai wa ga halaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani yadda ya kamata. Wanda zai sa su ci gaba da sha shi ne ma'aikacin da ya san gidansu, ya san sunan mai jinyarsu. Ziyarar ita ce aikin da muka koya a Oktoba, kuma bashin membobi kaɗai ya isa ya tafiyar da ita shekara guda.

Ɗan littafin Hausa na iyalai ya kammala a rubuce, da boko da ajami, an duba shi, yana cikin kwamfuta. Maɗaba'a ta nemi rabin kuɗi kafin ta fara, asusu bai kai ba. Tafiyar Gure kuwa an ɗage ta saboda wannan dalilin, kuma an ba abokan aikinmu na can haƙuri a rubuce. Shirin rediyo biyu ne suka fita daga cikin waɗanda aka tsara, domin kwamitin yaɗa labarai bai zauna ba tun bayan babbar salla. Na kira, na aika, ba amsa.

Akwai sunaye a rajista da ban ga fuskokinsu ba tun ranar da aka raba takardun shaidar horon bara. Wasu ma sun turo a sa sunansu a na bana, ba su leƙa zauren ba, kuma kwamiti ya ƙi. Wanda aiki ya yi masa yawa ya faɗa, za a gane. Wanda ya gaji da ƙungiya ya rubuto, a cire shi cikin mutunci, don mu san yawanmu na gaskiya lokacin tsara kasafi.

A babban taro mai zuwa za a zaɓi sabon ma'aji, kuma ina roƙon iyayenmu su sa baki a samu mai karɓa. Kwamiti zai gabatar da shawarar cewa wanda bashinsa ya haura wata shida ba zai yi zaɓe ba, ba kuma zai shiga horo kyauta ba. Duk abin da ya fara shigowa, man babur na ziyara za a fara zuba wa, sannan littafi. Littafin kuɗi da rasit-rasit suna wurina, mai son dubawa ya zo kafin taro. Ana iya biya hannu da hannu ko ta waya, a lambar da ke cikin zaurenmu na WhatsApp.

Wassalam,
Magatakardan ƙungiya