Ƙaramin Asibiti Ko Sashen Gaggawa A Amurka

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi wa 'yan'uwa masu zuwa Amurka bayanin inda ake kai marar lafiya. Mai zazzaɓi ko targaɗe yakan nufi ƙananan asibitocin unguwa, domin sun fi sauƙin kuɗi da jira. Amma ciwon ƙirji ko shanyewar ɓarin jiki sai sashen gaggawa na babban asibiti, wanda wata dokar Amurka ta shekarar 1986 ta wajabta masa duba duk wanda ya zo ko ba shi da kwabo, ko da yake takardar bashi takan biyo shi gida, kuma tsoronta ne ke sa wasu jinkirin da, a ganina, ganganci ne.

Naku,
Wani mai karatu, Amurka