Takardar Koke Ga Mai Girma Gwamnan Kano Kan Kuɗin Kano Pillars Da Inda Aka Dosa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano,
Ta hannun Mai Girma Kwamishinan Matasa da Wasanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu ne magoya bayan Kano Pillars, Sai Masu Gida, masu cika filin Sani Abacha na Ƙofar Mata duk ranar wasa. A cikinmu akwai 'yan kasuwar Kwari da Singa da Wambai, akwai 'yan adaidaita, akwai ɗalibai da ma'aikata, akwai ma dattawan da suka kalli Raccah Rovers tun kafin a haifi yawancinmu. Abin da ya sa muka rubuto shi ne wata gardama kan yadda za a kashe kuɗin kulob ɗin da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tsakaninmu, a majalisa ana yi, a gidan kallon bal ana yi, har wajen mai shayi sai an ɗaga murya, kuma da muka zauna muka duba sai muka ga mu ba za mu iya raba ta ba, don maganin yana hannun mai kulob ɗin, mai kulob kuwa gwamnatin jiha ce.

Kashi ɗaya na cewa a saki kuɗi kawai. Su a wajensu Pillars ba ƙungiyar da za ta riƙa lissafin yadda za ta tsira daga faɗawa ƙaramin lig na 'yan dagaji ba ce, kuma gaskiya in suka fara kawo tarihi ba ka da bakin magana. Ƙungiyar da aka haɗa a 1990 daga WRECA da Golden Stars da Bank of the North, ta ci lig a 2008, ta dawo ta ci sau uku a jere 2012 da 2013 da 2014, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019 a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. A 2009 mu muka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, muka shiga rukuni da Hilal da Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya muka fito, sai a wasan kusa da na ƙarshe Heartland ta Owerri ta tare mu. Shekara 12 babu wanda ya zo Kano ya ci mu a lig sai da Nasarawa United ta zo a 2015. To mai wannan tarihin ne za a ce masa ya yi haƙuri ya riƙa rainon ƙananan 'yan wasa? Su dai a kawo manyan 'yan wasa, a kawo koci mai suna, in ta kama a tsallaka Ghana ko Kamaru a ɗauko ɗan gaba, kofi shi ke kawo jama'a, jama'a su ke kawo kuɗi.

Ɗaya kashin kuma suna cewa ai mun ga wannan fim ɗin. Duk kaka sai a kwaso 'yan wasa rututu a sallami rututu, kaka ta zagayo a sake, ba a san wa ya zo ba wa ya tafi, yaro bai gama sanin hanyar Sabon Gari ba an ce ya tattara kayansa. Suna tuna mana cewa duk kofunan nan da muke taƙama da su, da muka fita Afirka bayan 2009 me muka yi? AC Leopards ta cire mu a 2013, AS Vita a 2014, Moghreb Tetouan a 2015, Asante Kotoko a 2019, duk tun a zagayen farko-farko, wato an kashe kuɗin jirgi da otal an dawo hannu rabbana. Sannan 2022 ta zo muka faɗa ƙaramin lig gaba ɗaya, ranar da manya suka yi kuka kamar yara, sai 2023 Allah ya dawo da mu. Su ra'ayinsu daidai ruwa daidai tsaki, a fara biyan wanda ke hannu kafin a je neman wani.

Mu da muka sa hannu a takardar nan akwai 'yan kowane ɓangare, kuma ba mu sasanta ba har yanzu, in ka bar mu a ɗaki ɗaya sai an kira sallah ba mu gama ba. Amma akwai abu ɗaya da muka haɗu a kai. Ranka ya daɗe, duk cikinmu babu mutum ɗaya da ya san nawa Pillars take samu a shekara, nawa take kashewa. Mai cewa a siyo bai san ko akwai kuɗin ba, mai cewa a tsuke bai san me za a tsuke ba, duk ihu muke a duhu. Ba mu ce wani ya ci ko sisi ba, Allah ya kiyaye mu da ƙazafi, abin da muka ce shi ne kuɗin talakan Kano ne ake zubawa, har da na wanda bai taɓa shiga filin wasa ba, har da na tsohuwar da ke layin asibiti, to ya kamata a ce akwai takardar da kowa zai iya gani.

Don haka babban kokenmu shi ne a buɗe littafi. Ƙarshen kowace kaka a fito a faɗa, ga abin da gwamnati ta bayar, ga kuɗin ƙofa na wasannin gida 19, ga abin da aka samu a talla da sai da riga, ga na 'yan wasan da aka siyar da inda aka siyar da su, ga albashi, ga bonas, ga kuɗin mota da masauki, ga tarar da aka biya. A sa odita na waje ya duba ya sa hannu, a karanta a rediyo yadda ake karanta sauran bayanan gwamnati. Maganar kuɗin ƙofa ma kaɗai abin dubawa ce, filin da ke ɗaukar mutum kusan 16,000 kuma ya cika har ana turereniya, ya kamata a ce tikiti kaɗai yana ɗauke wani babban nauyi, amma kowa ya san yadda ake shiga, wannan ɗan wane ne, wancan yaron wane ne, wani ya haura katanga, a cikinmu ma akwai masu yi ba sai mun nuna juna ba. A yi tikiti mai lamba wanda za a iya ƙirgawa, a yi na kaka guda ga mai hali ya biya tun farko, a daina karɓar kuɗi a hannu a bakin ƙofa.

Sai maganar yadda kuɗin gwamnati ke fitowa. A lig ɗin Najeriya kowa ya san ciwon ƙungiyoyin gwamnati, ba wai ba a ba da kuɗi ba ne, a'a sai an rubuta takarda ta bi ofis ofis, wasa ranar Lahadi amma ranar Juma'a ana jiran sa hannu, ƙarshe a kwashi yara a mota a yi ta dukan hanya zuwa Aba ko Fatakwal su isa a gajiye su shiga fili da kumburarriyar ƙafa, an ci su mu hau zagin koci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin tafiyar nan ya ninka, kuma hanyar ma ba lafiya ce da ita ba, ba mu manta 2015 ba da 'yan fashi suka buɗe wa motar 'yan wasanmu wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri. Muna roƙo a yanke wa Pillars kasafinta na shekara tun kafin a fara kaka, ko nawa ne, a riƙa saki a kan lokaci kashi kashi, shugabannin kulob su san iya abin da ke hannunsu su yi ɗinki daidai da yadin. Albashi da bonas da kuɗin magani su ne farko, kada a ɗauki sabon ɗan wasa ko ɗaya matuƙar akwai na ciki da yake bin bashi. Ɗan wasan da mai gidan haya ke buga masa waya ba zai bi ƙwallo da zuciya ɗaya ba komai sunansa.

A nan ne 'yan a-saki-kuɗi suka ce to shikenan an kashe buri kenan. Ni mai riƙe da alƙalamin nan ra'ayina ba a kashe ba, kuma na faɗa musu a gabansu. Ku duba Remo Stars ta Ikenne, garin da bai kai wata unguwar Kano yawan jama'a ba, kulob na mutum ɗaya Kunle Soname, ya gina filinsa ya gina makarantar yara ta Beyond Limits, suka yi ta zuwa na biyu suna haƙuri har suka ɗauki lig a 2025. Kyautar da aka ba zakara a waccan kakar naira miliyan 200 ce, wanda duk mai hankali ya san ba za ta riƙe ƙungiya mai tafiya jihohi har kaka guda ba, ballantana a ce an ci riba. Wato ko kofin ka ci ba zai biya maka bashin da ka ci don ka ɗauke shi ba. Masu kallon Turai kuma sun san labarin Leeds ta Ingila, 2001 tana wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Turai da kuɗin rance, 2004 ta faɗi, sai da ta yi shekara 16 kafin ta sake ganin Firimiya. Barcelona ma da girmanta a 2021 ta kasa riƙe Messi saboda bashi. Mu kuwa ba mu da kuɗin talabijin irin nasu da za mu jingina.

Inda kuɗi yake a ƙwallon Najeriya shi ne yara, kuma nan ne abin ke mana ciwo don Kano ba ta rasa yara ba. Ka zaga da yamma ka ga filayen makarantu a Fagge da Gwammaja da Kurna da Ɗorayi da Birget, ka je gasar matasa ta Kofin Ramat ka ga abin mamaki. Sani Kaita daga Pillars ya tafi Sparta Rotterdam, Junior Lokosa ya ci ƙwallo 19 a 2018 Esperance ta Tunisiya ta ɗauke shi. Shi kansa Ahmed Musa da ya ci 18 a kakar 2009 zuwa 2010 ya wuce VVV Venlo ta Holan, daga can CSKA Moscow har Leicester, makarantar GBS ta Jos ce ta raine shi, aro aka kawo mana shi. Wanda ya raini yaro ya riƙe takardunsa shi ke cin moriya, don a dokar FIFA duk sanda aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata ana ware kashi 5 cikin 100 a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Muna roƙo a ware wani kaso tsayayye na kasafin a ce wannan na ƙananan ƙungiyoyin Pillars ne ba mai taɓa shi ko ana gobe wasan ƙarshe, a yi wa yaran rajista yadda ya kamata da shekarunsu na gaskiya, a ba su kwantiragi na shekaru ba na kaka ɗaya ba, in za a siyar a sa sharaɗin kaso a cinikin gaba, a samu lauya wanda aikinsa kenan bin haƙƙin kulob a waje. Tunda gwamnati ta ɗora Ahmed Musa a kan janar manaja a 2025, ga mutumin da ya ga yadda ake wannan harkar a ƙasashe da dama, to a ba shi da sauran shugabanni wa'adi da abin da ake so su cimma a rubuce, shekara uku ko huɗu, a bar su su yi aiki, kada duk canjin siyasa ya zama canjin shugabannin kulob da koci da 'yan wasa.

Ba za mu ɓoye namu laifin ba a matsayin magoya baya, don shi ma asarar kuɗi ne. Farfasa motar Katsina United da wasu 'yan kallonmu suka yi a 2022 ya jawo tara da cire maki da kai mu Abuja, kuma a kakar muka faɗi. A Oktoban 2025 bayan wasan Shooting Stars 'yan kallo suka sake ta da rikici, tara ta miliyoyi, aka cire maki uku, aka rufe mana fili aka mai da wasan gida Katsina. Duk wasan gida da aka buga a wani gari babu kuɗin ƙofa, ga kuɗin mota ga otal, wato mutum ya jefa dutse ɗaya ya cinye albashin yara. A sa kyamara a filin, a horar da masu kula da 'yan kallo, wanda aka kama a hana shi shiga a kai shi kotu ko ɗan waye, mu za mu taimaka wajen nuna su.

'Yan kasuwar Kano kuma, garin da ke da masu kuɗi irin wannan, bai kamata a ce gwamnati kaɗai ke ɗauke da Pillars ba, ga Barau FC ta nan Kano ta shigo lig a 2025 ba da kuɗin jiha ba. Amma ba ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa inda ba a nuna masa lissafi, shi ya sa muka fara da maganar littafi. In an buɗe, a duba yiwuwar sayar da wani kaso na hannun jari ga 'yan kasuwa da magoya baya, gwamnati ta riƙe nata, sunan kulob da launinsa da zamansa a Kano kuma a rubuta cewa ba mai taɓawa.

Muna roƙon Mai Girma Gwamna ya umarci Kwamishina ya kira zama kafin a buɗe kasuwar 'yan wasa ta gaba, da shugabannin kulob da tsofaffin 'yan wasa da wakilanmu na ɓangarorin biyu, a ajiye lissafin kakar da ta wuce a kan tebur, mu ji nawa ne a hannu kafin a ce za a siyo wane. Sunayenmu da unguwanninmu da sa hannunmu suna haɗe da wannan takarda.

Allah ya taimaki Gwamna, Allah ya zaunar da Kano lafiya.

Mu ne naka,
Magoya bayan Kano Pillars daga unguwannin birni da kewaye.